Sayen albasa a Aliero, Jega da Maiyama: Abin da mai saye ya kamata ya sani

Ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama suna maƙwabtaka da juna a Masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, kuma hanya ɗaya ce ta ratsa su. Babban titin da ya taso daga Sakkwato yana bi ta Aliero ya shiga Jega, inda ya haɗu da hanyar Birnin Kebbi, sannan ya karkata kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora. Ta wannan titi ne motocin albasa ke fita zuwa Legas da Ibadan da sauran biranen kudu.

Jega tsohuwar cibiyar ciniki ce. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta a bakin Gulbin Zamfara a wajajen 1820, kuma a ƙarni na 19 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda fataken goro masu zuwa Gwanja ke yada zango. Aliero ta yi suna da albasa har ana lissafa kasuwarta cikin mafi girma a Najeriya. Maiyama kuwa ƙasar noma ce mai fadamu, kuma amfanin da ƙauyukanta ke nomawa yana cikin abin da ke cika waɗannan kasuwanni.

Kusanci da gona yana sa albasa ta fi araha a nan fiye da birni. Sai dai kuɗin da aka faɗa a bakin buhu ba shi ne cikakken farashi ba. Lokacin saye da irin albasar da ma'auni da kuɗin ɗauka duk suna shiga lissafi, kuma su ne ke raba wanda ya ci riba da wanda ya kwashi ruɓaɓɓe zuwa gida.

Lokacin araha da lokacin tsada

Albasa iri biyu ce ta fuskar lokaci. Ta rani ita ce babba. Ana yafa irinta a ƙarshen damina, a yi dashe da shigowar sanyi, a yi ta ban ruwa har ta ƙosa, sannan a cire ta daga Fabrairu zuwa Afrilu. A watannin nan kasuwa ke cika maƙil, farashi ya sauka zuwa mafi ƙasƙancinsa a shekara, domin manomi yana bukatar kuɗin biyan bashin taki da na man injin ban ruwa.

Ta damina kuwa tana fitowa ne a ƙarshen ruwa. Ruwa ya yi mata yawa a jiki, ɓawonta bai bushe ba, don haka ta girkin mako ce, ba ta ajiya ba.

Daga tsakiyar damina farashi ke fara hawa, saboda abin da aka ajiye yana raguwa, wani ya ruɓe, wani ya tsira. Yakan kai ƙololuwa tsakanin Oktoba da Disamba. Magidanta ba su manta da ƙarshen 2020 ba, lokacin da albasa ta yi tsadar da ta zama abin zance a faɗin ƙasar nan.

Abin da ke faruwa a hanya ma yana taɓa farashi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar abinci da dabbobi sun dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Albasa ta taru a Arewa farashinta ya faɗi, yayin da ya tashi a Legas. Haka nan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin ban ruwa da na mota a lokaci guda.

Yadda ake gane nagariya

Masu sana'ar sukan fara duba wuyan albasa. Wadda ta ƙosa kuma aka shanya ta yadda ya kamata tana da siririn wuya busasshe. Mai kaurin wuya ko mai ɗanyen wuya ita ce ke fara lalacewa, domin ta nan ruɓa ke shiga.

Bayan wuya sai ɓawo. Ana son ya bushe ƙayau, yana ƙara idan an juya ta a hannu. A matsa ta da yatsa: idan ta lotsa, cikinta ya fara ruwa. A ɗaga ɓawon sama a duba, domin baƙin ƙurar da ake gani a ƙarƙashinsa alama ce ta fumfuna. Wadda ta fito da tsiro ta riga ta fara cin kanta. Hanci kuma yana aiki, saboda buhun da ke da ruɓaɓɓiya a ciki ba ya ɓoye wari.

Girma ba shi ne inganci ba. Albasar da aka cika wa takin zamani, ko aka ci gaba da ba ta ruwa har gab da cirewa, tana yin ƙato mai ɗaukar ido, amma ba ta jure ajiya. Matsakaiciya mai tauri da nauyi a hannu ta fi daɗewa. Ja mai duhu, irin wadda garin Galmi na Jamhuriyar Nijar ya shahara da ita, ta fi fara yaji kuma ta fi ta jimiri. Masu gidan abinci da masu tsire da za su ƙarar da buhu cikin 'yan kwanaki za su iya sayen manya. Mai ajiya ya nemi matsakaita.

Ma'auni

Ba a cika sayar da albasa da sikeli ba. Ana auna ta da buhu ko kwando, masu sayen ɗai-ɗai kuma da kashi. Buhunan ba girmansu ɗaya ba, cikarsu ma ta bambanta: wani a ɗinke shi daidai baki, wani a tula masa a sama kafin a ɗinke. Saboda haka kwatanta farashin buhu biyu ba shi da amfani sai an ga buhunan.

Akwai kuma tsohuwar dabarar jera manya masu kyau a baki, a bar ƙanana da masu tabo a tsakiya. Maganinta shi ne a nemi a zazzage buhu ɗaya a gaban mai saye, ko a sayi albasar tana zube a ƙasa a cika buhun a kan idonsa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Wannan ya shafi masu aiko da kuɗi ta waya daga birni, waɗanda ya kamata su sami amintaccen da zai tsaya a madadinsu.

Addini ya yi magana a kan wannan fage. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi ga masu tauye ma'auni, kuma fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin ya hana ɓoye aibin kaya, ya hana ƙara taya don a yaudari mai saye, ya hana shiga cinikin wani bayan an daidaita.

Dillali da kalmomin ciniki

A kasuwar sari, da wuya baƙo ya yi ciniki kai tsaye da manomi. Dillali ne ke tsakani, yana karɓar la'ada a kan kowane buhu. Yana da amfaninsa, domin ya san masu kaya, ya san farashin ranar, kuma shi ake kamawa idan matsala ta taso. Abin da ya wajaba shi ne a san adadin la'adar da wanda zai biya ta tun kafin a fara.

Ciniki yana da tsarinsa. Bayan gaisuwa, mai saye yakan taya. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ya ce "albarka", wato a ƙara. Idan ya kai, ya ce "na sallama", daga nan ciniki ya faɗa, janyewa kuma abin kunya ne. Wanda bai riƙe cikakken kuɗi ba yakan ba da kafin alƙalami. A sayen kashi ana neman gyara, a sayen buhuna da yawa ana neman rangwame.

Kafin a taya, yana da kyau a zagaya kasuwar a ji yadda aka sallama wa wasu. Tayin da ya yi ƙasa ƙwarai yana ɓata wa mai kaya rai, ya kuma nuna cewa mai sayen baƙo ne. Da safe akwai zaɓi mai yawa. Da yamma manomin da ba ya son komawa gida da kaya yakan sassauta, amma an riga an tsince masu kyau.

Lissafin da ya kamata a yi

A ƙaddara buhu biyu ne masu girma ɗaya. An sallama na farko a kan Naira 30,000, na biyu a kan Naira 35,000. Bayan wata biyu kashi ɗaya cikin huɗu na buhun farko ya ruɓe, na biyu kuma kashi ɗaya cikin goma kawai ya rasa. Idan aka lissafa a kan abin da ya rage, cikakken buhu mai kyau ya tsaya wa mai na farko a kan Naira 40,000, mai na biyu kuwa ƙasa kaɗan da Naira 39,000. Wannan ne ma'anar karin maganar nan, sayen nagari mayar da kuɗi gida.

A kan kuɗin saye sai a ɗora na buhu da ɗinki da dako da lodi da la'ada da harajin kasuwa da kuɗin mota. Ga ma'aikacin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiya takanas don buhu ɗaya ba ta cika biyan kanta ba. Abin da ya fi shi ne abokan aiki ko maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi buhuna da yawa, su raba kuɗin motar a tsakaninsu.

Ajiya

Manoman yankin suna adana albasa a rudu, wato shimfiɗar kara da aka ɗaga daga ƙasa aka yi mata rufin ciyawa domin iska ta riƙa ratsawa. Mai gida zai iya bin wannan hikima. A zazzage albasar daga buhu da zarar an iso, a ware masu tabo a fara da su, a baza sauran a inuwa mai iska a kan katako ko tabarmar kara. Kada a ƙulle ta a leda, kada a haɗa ta da dankali, kuma a riƙa juyawa ana tsince wadda ta fara laushi duk mako.

Wanda ba shi da wurin ajiya irin wannan, sayen kwando ko rabin buhu lokaci zuwa lokaci ya fi masa, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. Mai wuri kuwa, watannin Maris da Afrilu ne nasa, kuma idan ya isa Aliero ya fara da neman a zazzage masa buhu kafin ya taya.