Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Gidan Bahaushe da Lafiyar Mazauna Cikinsa

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa da safe, bayan kwana da gajiya sai ya tambaye shi, "Ina gida?" Shi kuma ya amsa da "Lafiya lau." Ɗalibin harshe ya san cewa iyali ake nufi da gida a nan, amma kalmar ɗaya ce da ta ginin da iyalin suke ciki. Wannan takarda za ta bi tarihin ginin ne, wato fasalinsa da adonsa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, musamman a Damagaram da Kano da Zariya, domin a ga abin da kowane sauyi ya jawo wa lafiyar mazauna. Abin da muke son nunawa shi ne, maginin gargajiya ya san maganin zafi, amma ruwa da hayaƙi sun gagare shi. Ginin zamani ya rage wasu daga cikin waɗannan matsaloli, sai dai ya maido da zafin da aka riga aka yi maganinsa.

Bango da rufi

Ginin birni na da, da tubali ake yin sa. Akan haƙo jar ƙasa a cuɗa ta da ruwa da daddatsatsiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, sannan a dunƙula ta da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yakan jera tubalan tsininsu na kallon sama, ya cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri daga ƙasa, a manyan gine-gine har ya kai mita 1 ko fiye, yana sirancewa yayin da ake hawa.

Wannan kauri shi ne sirrin ɗakin. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40. Rana takan bugi bango tun da hantsi, amma zafin ba ya gama ratsa shi sai bayan ta faɗi, saboda haka da azahar cikin ɗaki da sanyi. Da dare, lokacin da bango ya fara sakin zafin da ya sha, mutane sun riga sun fito da tabarminsu tsakar gida ko kan soro. Da hunturu kuwa wannan ɗumi na dare shi ake nema. Ke nan ginin da al'adar kwanciya tare suke aiki.

Rufin soro da azara ake yi, wato faskararren itacen giginya, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Matsalar azara ita ce idan tazarar ta wuce kamar mita 2 ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar da ake ɗora mata. Don haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a riƙa ɗaure azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Da wannan dabara aka sami ɗaki mai faɗi da tulluwa mai tsawo, inda iska mai zafi takan taru can sama nesa da mai zaune. Wanda ya fi shahara da wannan fasaha shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen unguwar Birni su ma suna nuna irin wannan gini.

Ruwan sama shi ne abokin gabar ginin ƙasa. Ana tare shi da indararo, da yaɓen makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ɗalibi ya lura a nan yadda sana'o'i uku, gini da rini da jima, suke cin moriyar juna. Duk da haka sai an sake yaɓe kafin damina, in ba haka ba, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Daga zaure zuwa tsakar gida

Baƙo yakan fara da zaure, inda maigida yake karɓar mutane, yake cin abinci da maƙwabta, wani lokaci ma nan ne makarantar allo ko wurin sana'a. Bayan zaure akwai fili da ɗakunan samari da na baƙi, sannan shigifa, sannan cikin gida. Ba a yin ƙofofin nan a saitin juna, don kada idon na waje ya kai ciki. Masu rubutu a kan wannan fasali sun fi kallon sa ta fuskar kulle da sutura, kuma da gaskiyarsu. Amma a ganina an rage wa tsakar gida haƙƙinta. Matar da ba ta fita, a nan take samun rana da iska. A nan take daka da surfe da tankaɗe, a nan ake shanya tufafi da shimfiɗa, a nan yara suke wasa a gaban idon manya. Randa tana gefe cikin inuwa, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana sanyaya na ciki. Akwai kuma bishiya, durumi ko ceɗiya a da, daga baya dogon yaro, wadda aka shigo da ita daga Indiya a zamanin mulkin mallaka, shi ya sa sunanta ya bambanta daga gari zuwa gari: darbejiya, maina, bedi.

Ado

Adon cikin ɗaki aikin mata ne. Su suke yin daɓe, su taru da madaɓai suna bugun ƙasa suna waƙa, a yayyafa makuba har daɓen ya yi santsi da ƙarfi, ya yi daɗin shara. Su suke shafe bango da farar ƙasa, wadda take haska ɗakin da tagarsa ƙarama ce. Su kuma suke yin jere. Jeren da na ƙore ne da tasoshi, sai kwanonin fenti da aka riƙa shigowa da su daga ƙasashen waje a ƙarni na 20, sai tangaran da gilashi a cikin kabad. Jere ado ne, kuma ajiya ce: dukiyar mace ce ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar buƙata, ko ta aurar da ɗiyarta da ita. Kwanciyar hankalin da wannan yake bayarwa ba a cika lissafa shi cikin lafiya ba, alhali kuwa yana ciki.

Zanen bangon waje, wanda yau ake ɗauka tamkar shi ne tambarin ginin Hausa, bai bunƙasa a gidajen attajirai ba sai a ƙarni na 20. Shaidar haka tana jikin zanen kansa, domin kusa da dagi da takobi akan ga keke da mota da agogo. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu irin wannan zane a 1963.

Inda tsohon gida ya gaza

Ƙasar da aka gina bango da ita, daga rami aka haƙo ta, kuma ramin yana nan cikin unguwa. Da damina ya cika da ruwa ya zama kududdufi, matattarar sauro da shara. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya koka da kududdufan birnin da duhun masaukinsa, zazzaɓi kuma ya kama shi a can. A cikin gida, masai rami ne, rijiya ma rami ce, kuma a gidan da fili ya yi kaɗan tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Yawan sunayen wurin, masai da shadda da salga da makewayi da bayan gida da ban-ɗaki, darasi ne a kan sakaya zance, amma sakayawar ba ta hana ƙazanta malala zuwa ruwan sha.

Sai hayaƙi. Tagar ɗakin ƙasa ƙarama ce, tana can sama, da hunturu kuma akan toshe ta a hura wuta a ciki. Cunkoso a ɗaki marar iska, da ƙura da hayaƙi, suna cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963 a matsayin matattarar wannan cuta. Nijar ta sha annobarta a 1995, arewacin Nijeriya a 1996. Akwai kuma gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi don mai jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da kwanciya a kan wannan gado da shan kunun kanwa, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan.

Zuwan Turawa da kwano

Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta kama Kano a 1903. Turawan farko a gidajen ƙasa suka zauna, irin Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya zauna. Abin da suka ji tsoro shi ne zazzaɓi, maganin da suka zaɓa kuwa shi ne nisantar ƴan ƙasa. A Nijeriya an shar'anta barin fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a. Abin da ya kai ga talaka shi ne duba-gari, mai leƙa randa da masai yana cin tara.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta sauƙaƙa shigo da kwano da siminti, amma ba su game gari ba sai da kuɗi suka yawaita, musamman a shekarun 1970, zamanin man fetur a Nijeriya da yuraniyom a Nijar. Dalilan karɓarsu a fili suke. Kwano ya hutar da mutane daga yaɓen shekara-shekara da fargabar rushewar soro cikin dare, giginya ta yi ƙaranci, daɓen siminti yana wankuwa. Binciken da aka yi a Gambiya ma ya nuna cewa toshe kafar da ke tsakanin bango da rufi da sa raga a taga yana rage sauron da ke shiga ɗaki. Sai dai bulon siminti siriri ne, kwano kuma yana ɗaukar zafi nan take. Ɗakin da a da ake gudu cikinsa da azahar ya zama wanda ake gudu daga gare shi, sai fanka, ita kuma sai da wutar lantarki. Tsadar fili ta cinye tsakar gida, aka sare bishiya aka yi ɗakin haya. Wadda ta fi asara ita ce matar da take wuni a ciki.

Harshe ya adana wannan tarihi. Bulo, siminti, silin, fenti, falo, kicin, duk aro ne, a Nijar kuma akan ji tol a madadin kwano. Kalmar falo ta cancanci nazari na musamman, domin ta gaji aikin zaure, amma ta shigo da baƙo har tsakiyar gida. A ɗaya ɓangaren, ɗalibai da yawa a yau ba za su iya bambanta makuba da laso ba.

Komawa ga ƙasa

Nijar ce ta fi nisa a wannan yunƙuri. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tun daga 1980, bayan fari ya rage itatuwa, aka fara koya wa magina rufin tulluwa da tubali zalla, ba azara ko ɗaya. A Yamai kuma, a 2016, wasu masu zanen gine-gine, cikinsu har da ƴar Nijar Mariam Issoufou Kamara, sun kammala rukunin gidaje 6 mai suna Niamey 2000. An yi su da bulon ƙasa da aka matse da inji, an yi su bene don a rage cin fili, an kuma bar wa mazauna wurin shan iska a waje. Masai da ruwan famfo na zamani ne, bangon na ƙasa ne. Babban cikas har yanzu shi ne ra'ayin jama'a, domin a kunnen mai neman aure da surukansa "gidan ƙasa" da "gidan talaka" kusan ma'anarsu ɗaya.