Ranar da Jirgin Hafsoshin Jaji Ya Faɗi a Fadamar Ejigbo

Mu mazauna Agege da Oshodi da Idi-Araba ƙarar jirgin sama ba baƙuwarmu ba ce. A ƙarƙashinta muke cin kasuwa, a ƙarƙashinta muke kwana, har ta kai yaranmu ba sa ko ɗaga kai idan jirgi ya taso daga Ikeja. To, ran Asabar 26 ga watan Satumba na 1992 da yamma, wani jirgi ya tashi kamar yadda aka saba, ba wanda ya kula da shi. Bai yi minti huɗu a sama ba ya rikito cikin fadamar Ejigbo, nan kusa da Isolo. Mutum fiye da 150 ne a cikinsa, alƙaluman da aka fi bugawa 158 ko 159, kuma ko ɗaya bai tsira ba.

Matasanmu da yawa yau idan ka ce musu Ejigbo, unguwa kawai suka sani, sai ko defon man fetur. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi labarin.

Jirgin na rundunar sojan sama ne, samfurin Hercules C-130, ƙirar kamfanin Lockheed na Amurka, mai lamba NAF 911. Irin jiragen nan ne masu ƙaton ciki da inji huɗu na farfela, waɗanda Nijeriya ta fara saye a tsakiyar shekarun 1970. Ba don fasinja aka yi su ba. Jakin soja ne: a loda masa dakaru, a loda masa mota da harsashi da buhunan abinci. A lokacin kuwa jiragen ba su da hutu, domin tun watan Agusta na 1990 sojojinmu suke Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, kuma irin wannan jirgi ne ke jigilar su da kayansu tsakanin Ikko da Monrobiya. A takarda Nijeriya ba ta yaƙi da kowa, amma duk wanda ke da ɗan'uwa a barikin Ikeja ya san ana kai mutane, ana kuma dawo da gawawwaki.

Su wane ne a cikin jirgin? Mafi yawansu ɗalibai ne na Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji, wadda ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, 'yan babban kwas na 15. An kafa kwalejin a 1976 don sojan ƙasa, daga baya aka haɗa da na ruwa da na sama. Sun zo Ikko ne ziyarar karatu, sun gama, za su koma Kaduna. Akwai malamansu a tare da su, akwai kuma hafsoshi baƙi daga Gana da Tanzaniya da Zimbabwe da Yuganda, waɗanda ƙasashensu suka turo neman ilmi.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin kalmar "ɗalibai" tana iya ruɗinsa. Waɗannan ba kurata ba ne. Masu muƙamin Manjo ne da takwarorinsu na ruwa da na sama, mutanen da suka haura shekara goma a bakin aiki, magidanta masu 'ya'ya ƙanana. Manjo shi ne ƙashin bayan bataliya. Shi ya san sojansa da suna, shi ne kuma ke fassara umarnin janar ya zama aiki. Wanda ya ci wannan kwas shi ake sa ran gobe zai zama Laftanar Kanar ya riƙe bataliya, jibi ya zama janar. Ke nan abin da ƙasar nan ta yi hasara a yammacin nan sahu guda ne na shugabannin soja, an ɗebe shi gaba ɗaya kamar an yanke tsani a tsakiya. Kwana 19 bayan haɗarin, ran 15 ga Oktoba, Charles Taylor ya kai wa Monrobiya babban farmakinsa, aka shiga neman irin waɗannan hafsoshi ruwa a jallo.

Yadda abin ya faru, bisa bayanan da aka bayar, inji ɗaya ya mutu jim kaɗan da tashi, na biyu ya bi shi, sannan na uku. Jirgi mai inji huɗu yana iya lallaɓawa da uku, amma da guda ɗaya, ga nauyi, ga shi bai yi nisa da ƙasa ba, sai dai wani ikon Allah. Maganar nauyin nan kuwa ba ƙarama ba ce. An ƙera irin wannan jirgi ne don ɗaukar soja 92 da kayansu. Mu da muka san yadda ake lodin tirela a Mile 12 ba sai an yi mana dogon bayani ba. An yi ta raɗe-raɗi a lokacin cewa da hannun wani a ciki, kasancewar zamanin mulkin soja ne, juyin mulkin Orkar na 1990 bai daɗe da wucewa ba, kowa na zargin kowa. Mu dai a ganinmu, tsohon jirgi da aka gajiyar da aiki, aka kuma cika shi maƙil, ya isa dalili ba sai an nemo wani ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne abin da ya biyo baya. Jirgin nan ba a dajin Borno ya faɗi ba, ba kuma a teku ba. A cikin Ikko ya faɗi, 'yan kilomita kaɗan daga filin da ya tashi, kewaye da barikokin soja. Duk da haka dare ya yi, gari ya waye, ba a fara aikin ceto na a-zo-a-gani ba. Jirgin ya nutse cikin taɓo, babu hanyar mota, babu kayan aikin da za a yanka ƙarfe a shiga. Mutanen unguwa ne suka fara kutsawa cikin laka da abin da ke hannunsu. Kwanaki aka ɗauka ana zaƙulo gawawwaki. Daga baya aka kwashe su zuwa Abuja, wadda ba ta cika shekara guda da zama babban birni ba, aka yi musu jana'iza ta ƙasa.

An yi wa matansu da marayunsu alkawura masu daɗin ji, na gidaje da na karatun yara. Shekaru da yawa bayan haka jaridu suna ta kawo koke-koken matan nan cewa wasu alkawuran ba a cika ba. Siyasa ma ta taimaka wajen binne maganar. Cikin makonni kaɗan gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen fitar da gwani na SDP da NRC, hankalin kowa ya koma kan Shehu 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. Sai kuma rikicin 12 ga Yuni na 1993, lokacin da baƙin Ikko da yawa muka kwashe iyali muka tura gida. Wa ke ta Ejigbo a lokacin?

Ba a kuma daina irin wannan rashi ba. A watan Satumba na 2006 wani jirgin soja ya faɗi a Jihar Binuwai da manyan janar-janar a kan hanyarsu ta zuwa Obudu. Ran 21 ga Mayu na 2021 Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, shugaban sojan ƙasa, ya rasu tare da mutum goma a kusa da filin jirgin Kaduna. Amma ta fuskar yawan rayuka, babu wanda ya kama ƙafar na Ejigbo.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Wannan rana ta kowa da kowa ce, ba a kiran sunan kowa. Mu kuwa muna da dalilin riƙe 26 ga Satumba daban. Hanyar da suka nufa, Ikko zuwa Kaduna, ita ce tamu ta zuwa gida, mu a mota su a sama. A maƙwabtanmu suka cika, Musulmi da Kirista, ɗan Arewa da ɗan Kudu da baƙon Gana, a cikin taɓo ɗaya. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalansu duka haƙuri. Jariran da suka bari a goye a kwatas ɗin Jaji yau sun haura shekara 30, wasunsu sun kai shekarun da iyayensu suke da su ranar da suka hau jirgin.