Ƙwayoyin damina da takardun da ke bayansu

A daminar 2013 ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye cikin ƙasar Buza. Lokacin hutu ne, amma ban koma gida Keita ba saboda ƴar gonar da na noma. A watannin nan ne ma'aikatan lafiya, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, suka fara raba wa yara maganin rigakafin masassarar cizon sauro. Gundumomi biyar aka fara da su: Madawa da Buza a jiharmu ta Tawa, Madarumfa da Gidan Rumji a Maraɗi, sai Magarya a Damagaram. Yaro daga wata 3 har ya kusa shekara 5, ana ba shi ƙwayoyi na kwana uku a kowane wata, har damina ta wuce. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ɗaci gare ta, wasu yaran har amai suke yi.

Wani dattijo maƙwabcina, mai jikoki da yawa, ya same ni bayan la'asar. Ya ce, "Mushe, kai da ka yi karatu, ina ka taɓa jin an ba yaro magani alhali lafiyarsa lau? Ka manta abin da aka yi wa yaran Kano?" Na ce, "Baba, ai majo ya ce maganin yana da kyau." Ya dube ni ya ce, "Majo ma faɗa masa aka yi." Watan farko bai bari aka ba jikokinsa ba.

Na ji kunya ranar nan. Na fito makarantar horon malamai da takarda a hannu, ina koya wa yara cewa ilimi da hujja yake tafiya, ga shi an nemi hujja na rasa. Kuma tsoron dattijon yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara wajen 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Duniya ba ta ji cikakken labarin ba sai a Disamba 2000, daga jaridar Washington Post ta Amurka, kuma sai a 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ji wannan a rediyo, ba za ka ce masa ya yarda kawai ba.

Sai bayan shekaru, da na samu waya mai shiga intanet, na nemi amsar. Wani abokina mai koyar da Ingilishi a kwaleji a Madawa ya taimaka mini. Ashe tun a Fabrairu 2011 wata mujallar likitoci mai suna PLoS Medicine ta buga bincike biyu, ɗaya daga Mali ɗaya daga Burkina Faso, kowanne a kan yara wajen 3,000. An raba yaran gida biyu, duka suna kwana cikin gidan sauro, wasu na shan maganin wasu na shan ƙwaya marar magani. A Mali masassara ta ragu da kashi 82 cikin ɗari ga masu shan maganin, a Burkina da kashi 70. A kan irin waɗannan sakamako ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wannan rigakafi a ƙasashen Sahel, a Maris 2012. Takardun biyu mun buɗe su kyauta, daga farko har ƙarshe, har da wurin da aka lissafa yaran da suka yi amai. Amma da muka bi sawun wata takarda ta uku a wata mujallar, sai aka nuna mana taƙaitaccen bayani aka ce sauran sai mun biya sama da dala 30. Dalar Amurka fa, ba tamu ta biyar-biyar ba. Kusan jika 20 ke nan, don shafi bakwai ko takwas.

Daga nan na fara tambayar kaina yadda aka yi wata ƙofa take buɗe wata take kulle.

Abin dariya, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitoci na duniya da fasa ƙofa ta fara. A 1823 wani likitan fiɗa a Landan, Thomas Wakley, ya kafa The Lancet. Manyan likitocin fiɗa na asibitocin birnin kuɗi suke karɓa kafin ɗalibi ya saurari darasinsu. Wakley ya riƙa sa ana rubuta darussan yana bugawa a mujallarsa da araha, har ɗayansu, John Abernethy, ya kai shi kotu. Tafiya ta yi tafiya, bayan yaƙin duniya na biyu kamfanoni suka gane akwai riba a mujallun kimiyya. Mai bincike ba a biyansa kuɗin rubutu, masanan da ke duba aikin kafin a buga su ma ba a biyansu, sannan jami'ar da ta yi binciken ta dawo ta sayi mujallar da tsada. Lancet ɗin kanta a 1991 ta koma hannun Elsevier, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan kasuwa. Idan jami'o'in Amurka suna kukan tsada, sai ku kwatanta da ɗakin karatun jami'ar Yamai, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairu 1994, lokacin da duk abin da ake saye daga waje ya ninka kuɗi.

Intanet ce ta sa aka fara ganin cewa wannan tsada ba dole ba ce. A 1997 gwamnatin Amurka ta buɗe PubMed kyauta, wato jerin sunayen takardun likitanci da taƙaitaccen bayaninsu. A 2000 aka ƙara PubMed Central, inda ake ajiye cikakkun takardu. A Fabrairu 2002 wasu masana da suka yi taro a Budapest suka fitar da sanarwa cewa sakamakon bincike ya kamata kowa ya karanta ba tare da biya ba. PLoS Medicine, wadda ta amsa mini tambayar dattijona, a 2004 aka kafa ta kan wannan aƙida. A Janairu 2002 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya da manyan kamfanoni shida suka buɗe mujallu wajen 1,500 ga ƙasashe matalauta, shirin da ake kira Hinari. Nijar tana ciki. Sai dai mabuɗin Hinari ma'aikatu ake ba, irin su jami'a da asibiti, ba a ba mutum a kan kansa. Malamin lakwal ko uban yaro ba su da shi.

Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ba su zauna jira ba. A Sakkwato, asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana fitar da Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine. A Zariya likitocin fiɗa sun kafa Nigerian Journal of Surgical Research. Tun 1998 akwai AJOL, dandalin da ke tara mujallun Afirka wuri ɗaya, kuma a 2008 aka fara Pan African Medical Journal, wadda ke karɓar rubutu da Faransanci, likitocinmu na Nijar ma suna bugawa a ciki. Wannan ya fi shafarmu fiye da yadda muke zato. Tun 2005 Nijar ta fara horar da likitoci na gama-gari, na wata 12, don su riƙa yin fiɗar gaggawa a asibitocin gundumomi, kamar fiɗar haihuwa da ta ƙaba. Likitan da ke shi kaɗai a irin wannan asibiti, ba babban malami kusa da shi, abin da abokin aikinsa na Sakkwato ya rubuta a kan hanjin da zazzaɓin taifot ya huda ya fi masa amfani a kan rabin abin da ake bugawa a Turai. Marasa lafiyar iri ɗaya ne, ƙarancin kayan aikin ma iri ɗaya.

Wanda yake ganin maganar ta masana ce kawai, ya dubi Laberiya. Bayan annobar Ebola ta 2014, shugabar likitocin ƙasar, Bernice Dahn, da abokan aikinta biyu sun rubuta a jaridar New York Times a Afrilu 2015 cewa tun 1982 wasu masu bincike na Turai suka buga a wata mujallar Faransa cewa akwai alamar cutar a jinin mutanen Laberiya. Ba ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan, kuma a cewarsu buɗe irin wannan takarda dala 45 ne, kusan rabin albashin mako na likita a can.

Ni dai ban yarda an gama ba, don ƙofar da aka buɗe ta gaba an kulle ta baya. Mujallu da yawa da ake karantawa kyauta, marubucin ne ke biya kafin a buga masa. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan takarda ɗaya, sama da miliyan 6 na sefa, albashina na shekaru. Gaskiya ne ana yafe wa marubutan ƙasashe irin tamu a wurare da dama, amma yafiya alfarma ce, mai bayarwa yana iya janyewa. Ga kuma ƴan damfara da suka buɗe mujallun bogi, ka biya su buga ko me ka aika, ba mai dubawa. Saboda haka kasancewar abu a intanet da sunan "bincike" bai isa hujja ba, kamar yadda saƙon WhatsApp bai isa ba.

Kulle mafi ƙarfi a wurinmu shi ne harshe. Tun yunwar 2005 an yi bincike mai yawa a ƙasar Hausa ta Nijar, a kan tamowa da abincin gujiya da ake ba yara, da maganin rigakafin zawo da aka gwada a Madarumfa aka buga sakamakonsa a 2017. Jinin ƴaƴanmu aka ɗiba, damatsansu aka auna, iyaye mata suka dangwala yatsa. Sakamakon da Ingilishi yake, harshen da ni kaina, ɗan makarantar Faransanci, sai da ɗan jagora nake shiga. A ganina duk wanda ya nemi izinin uwa da Hausa kafin ya fara bincike, bashi ne a kansa ya dawo ya faɗa mata da Hausa abin da ya gano, ko a rediyon gari ne, ko a ƙofar mai gari.

Ni da abokina mun taƙaita takardun Mali da Burkina a shafi ɗaya da Hausa: yara nawa, me aka ba su, nawa suka kamu, nawa suka yi amai. Ina karanta shi a taron iyayen yara na ƙarshen shekara, kafin a fara rabon watan Yuli. Dattijon nan bai ji shi ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin nan, Allah ya jiƙansa. Bara ɗansa ne ya ɗaga hannu bayan na gama, ya ce, "To Mushe, wannan na Mali ne. Na yaran Buza fa, wa ya ƙirga?" Na rubuta tambayar a bayan takardar, na ce zan kai wa majo mu nema tare.