Daga Ganuwa Zuwa Awon Igiya: Yadda Kano Ta Cinye Gonakinta

Waɗanda suka gina ganuwar Kano sun bar wa birnin wurin miƙe ƙafa. Tun daga zamanin Sarki Gijimasu da aka aza harsashinta, har zuwa faɗaɗawar zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An haɗa da gonaki da makiyaya, domin ko yaƙi ya sa an rufe ƙofofi, jama'a su sami abin kaiwa baka. Inda aka haƙi ƙasar gini kuwa, ramin ya zama kududdufi, ruwan damina ya sami makwanci.

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga nan gari ya fara tsallake badala. Aka yanka Sabon Gari domin baƙin Kudu, Nasarawa ta zama unguwar Turawa, Fagge ta cika ta batse da fatake, cinikin gyaɗa ya jawo leburori zuwa Tudun Wada da Gwagwarwa. Duk da haka, a ƙidayar 1952 mutanen Kano ba su wuce kimanin 130,000 ba. A lokacin, jakuna ne ke fita da toka da taki daga cikin birni zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace da hatsi. Birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni.

An yi wa Kano taswirar shekara ashirin a 1963, wadda ake kira tsarin Trevallion. Amma al'amura sun riga takarda gudu. A 1967 Kano ta zama babban birnin jiha, masana'antu suka bunƙasa a Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuɗin man fetur suka shigo, farin farkon shekarun 1970 ya koro mutanen karkara. Gwamnati ta gina rukunin gidaje irin na Kundila da Gwammaja, sai dai ma'aikata ƙalilan suka samu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma samun fili mai takarda ya zama sai mai hanya ko mai haƙurin zirga-zirgar ofis.

A nan awon igiya ya samu gindin zama. Manomi a Kumbotso ko Ungogo ya ga gari na tunkaro shi, ya san in gwamnati ta riga shi, diyyar da za ta ba shi ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yayyanka gonar gado, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Kowane taku kuɗi ne, don haka hanyar da za a bari sai a matse ta, ta koma lungun da adaidaita sahu biyu ba za su gifta juna ba. Filin makaranta, asibiti, maƙabarta, magudanar ruwa, babu wanda ya ware. Haka sassa da dama na Kurna, Bachirawa, Ɗorayi, Sheka da Rimin Kebe suka tashi. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni sun haura mutum miliyan 2.8.

Ni dai ba na ganin laifin mai sayen awon igiya. Tela ko direban da ya gaji da wulaƙancin haya, yana tara bulo ɗari yau, buhun siminti gobe, ya rufa ɗaki ɗaya ya tare da iyalinsa, ya yi abin da ya fi ƙarfin hukuma ne: ya sama wa kansa muhalli. Abin takaicin shi ne kuɗin da bai biya ba ranar ciniki yana biyansu kullum. Yana sayen jarka daga masu kurar ruwa, matarsa na naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi saboda mota ba ta shiga, in aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta kuma ya kwana yana kwalfa da bokiti. A cikin birni ma an cike kududdufai da shara an gina shaguna a kai, an zaftare ganuwa an yi filoti. Ruwan da aka ƙwace wa makwanci, tsakar gidan mutane yake komawa.

Tsakanin 2011 da 2015 an gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, masu tituna da magudanai, amma farashinsu ba na mai albashi kaɗan ba ne, gidaje da yawa sun daɗe babu kowa ciki. Rushe gine-ginen da gwamnati ta yi a 2023 kuma ya nuna tsadar gyara bayan an riga an zuba kankare. Yanzu igiyar ta kai gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa. A can har yau ana iya ware titi da filin makaranta da kuɗin da bai kai na rushe layi ɗaya a Kurna ba, in hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta zauna da manoma da masu unguwanni kafin dillali ya kafa turke.