Tsokar zuciya

Tsokar zuciya ɗaya ce daga cikin nau'o'in tsoka uku na jikin ɗan Adam, kuma ita ce ta gina bangon zuciya. A ƙarƙashin madubin likita, ƙwayoyinta gajeru ne masu rassa, kowace da cibiya ɗaya ko biyu a tsakiya. Jikinsu ratsi-ratsi ne, haske da duhu, saboda yadda zaren furotin iri biyu, aktin da miyosin, suka jeru a ciki.

Abin burgewa yana mahaɗarsu. Akwai 'yan mitsitsin ƙofofi da saƙon lantarki ke bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan, shi ya sa suke matsewa tare. Idan jini ya yanke musu suka mutu, galibi tabo ke maye gurbinsu.