Gudummawar Mutanen Karkara Wajen Kawar da Agana: Ogoja, 1966

A watan Disamba na shekarar 1966 cutar agana ta ɓarke a yankin Ogoja da ke Gabashin Nijeriya. Tsarin wancan zamani shi ne a yi wa kowa da kowa lamba, amma maganin rigakafin da ke hannun Dokta William Foege, likitan mishan ɗan Amurka, bai isa ba.

Saboda haka ya nemi 'yan mishan ta rediyo da su tura 'yan aike ƙauye-ƙauye. Waɗannan 'yan ƙasa, waɗanda tarihi bai cika ambaton sunayensu ba, su ne suka gano inda majinyata suke. Da wannan bayani aka yi lamba a ƙauyukan da cutar ta shiga, sannan aka bi kasuwannin da mutanensu ke ci da garuruwan danginsu, domin nan ne za ta nufa. Annobar ta tsaya tun ba a yi wa rabin jama'ar yankin lamba ba.

Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan dabara, kuma a 1980 ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa.