Daga Tafireta Zuwa WordPress: Yadda Ƙ, Ɗ, Ɓ da Ƴ Suka Samu Wuri a Intanet

Duk malamin da ya taɓa shirya jarrabawar Hausa a zamanin tafireta ya san wahalar ƙugiya. Tafiretar Faransanci ba ta da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Sai an gama bugawa a ɗauki biro a bi layi-layi ana lanƙwasa kan haruffa. In aka yi mantuwa, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗauri" ya koma "dauri". Tarihin shafukan intanet na Hausa ci gaban wannan tsohuwar wahala ne, kuma ya kamata malamai da iyaye su san inda aka kwana.

Haruffa masu ƙugiya sun samu gindin zama a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na editanta na Hausa. Nijar kuwa ta bi tata hanyar: bayan taron UNESCO na Bamako a 1966, an riƙa ninka wasula don nuna tsawonsu. Taron Yamai na 1980 ne ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sannan a 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance. Bambancin da ya fi fitowa har yau shi ne, Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. A duk wannan zamani, mai maɗaba'a shi ke da ikon abin da za a karanta.

A 1991 Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya yanar gizo daga cibiyar CERN kusa da Janeba, kuma a 1996 Nijar ta samu alamarta ta .ne. Amma gina shafi a lokacin aikin gwanaye ne. Kowane fuska sai an rubuta ta da hannu cikin harshen HTML, ko waƙafi za a gyara sai an nemo mai kwamfutar da ya gina ta. Ga kuma matsalar haruffa: tsarin Unicode ya tanadi haruffanmu tun farkon shekarun 1990, amma yawancin kwamfutoci ba sa nuna su, sai ƴan akwatuna su fito a gurbinsu. Shi ya sa marubuta suka koma rubuta k', d', b', wasu kuma suka zubar da ƙugiyar gaba ɗaya.

Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko, wajen 2008 tsarin UTF-8 ya zama mafi rinjaye a intanet, haruffanmu suka fara fitowa daidai. Na biyu, manhajojin sarrafa shafi sun bayyana: Blogger a 1999, Drupal a 2001, WordPress a 2003, Joomla a 2005. Dabararsu ita ce raba rubutu da ado. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai, fasalin shafi kuma kamar riga ce da ake sauyawa ba tare da an taɓa rubutun ba. Wanda ya iya aika saƙo a waya zai iya wallafa darasi. Yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya kan WordPress suke, Wikipedia ta Hausa kuma kan MediaWiki.

To, ina Adar a wannan tarihi? Tawa ta samu jami'a a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin mulkin mallaka. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan yaro a Bambeye ya nemi darasin lissafi ko tarihin garinsu da Hausa a waya, wa ya rubuta masa? Malaman lakwal da na makarantun allo su ne suka fi kowa sanin abin da yake buƙata, kuma yanzu ba maɗaba'ar da ta tsaya tsakaninsu da shi.

Sai dai shafi ma yana mutuwa. Sunansa haya ce ta shekara-shekara. In ba a biya ba ya tafi. In malami ɗaya ne ke riƙe da kalmar sirri, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shafin ya zama maraya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a ba mutum biyu ko uku izini, kwamitin iyaye ya san ranar biyan haya, a riƙa ajiye kwafin rubutu a wani wuri. A rage nauyin hotuna saboda raunin layi, kuma kada a sa hoton yaro sai da yardar iyayensa.

A ƙarshe, a rubuta ƙugiya. Magabata sun yi ta da biro bayan tafireta ta gaza. Mu danna harafi kawai za mu yi a allon waya ta fito.